Abin Da Ka Ɗaukar Mazan Ɗakinmu

Lahadi, da hantsi

Yau ma Yaron nan bai tahi bakin dam ba. Lami matatai tac ce jiya bai taɓa tuwo ba, da sahe ta kai mai kunu ya kurɓa ya ture kwanon. Nic ce zahi na. Bazarar bana ko jaki kab ba dusa sai ya tsaya tunani kahin shi ci.

Ina ce mai Yaron nan don shi na ɗan fari. Ba ni kama sunanai, ba ni shiga ɗakinai, in ya gaishe ni ina amsawa ina duban kaji. Haka munka iske iyaye na yi. Amma ina yaro, ga gemu, ga mata, ga 'yar ɗiyatai tana rarrahe. Shi ka kai ma ma'aikatan dam tsire da balangu tun da ruwa yac ci garinmu anka kwaso mu anka zube nan bisa tudu kusa da Maradun. Gona ta tahi, wuƙa ta rage muna, tashi da ta ubanai. Mu mahauta na tun kakanni.

Wagga takarda ragowar ajin yaƙi da jahilci ta. Hannuna ba shi da kyau, to wa ka gani. Ba ni da wanda zan faɗa ma, bari in faɗa mata.

Litinin, bayan la'asar

Ya hito alwala ina tankaɗe. Ba duba niy yi ba, ido na yak kai. Farin idonai ya koma ruwan ɗorawa.

Na san idon nan.

Zahi na.

Talata, da almuru

Maigida ya dawo kasuwar Mafara shi ɗai. Yac ce mahauta duk sun tambaya, wai ina Ɗiyar Gwaggo, ko lalle anka sa ta ba a gayyace su ba. Ya faɗi shina dariya, dariyar ba ta kai ciki ba.

Sunan tsiya na da sunka liƙa ma Yaron nan, kuma mu munka jawo mai shi. Ɗakin innarmu namiji ba shi tsufa. Kawu Sallau ƙanen inna, sai wana Barau, sai ƙanena Audu. Duk hanya guda. Mutum ya kawo ƙarhi, ya aje iyali, sai ido shi canza, jiki shi zube, ciki shi taso awa na mai shirin haihuwa, sai a kai shi. Mu mata ko ciwon kai bai cika damunmu ba. Inna sai da tat tsufa tukuf da haƙoranta tana cin goro. Mutane sun yi magana. Ba su faɗi gabanta ba, amma sun bar aiko ɗiyansu maza ɗibar wuta gidanmu.

Ina da cikin Yaron nan Barau yar rasu. Gwaggo, yayar babanmu da ke Dosara, tac ce ita ta gano abin. Wani abu na ka bin ɗakin, maza shike so, mata ko dubansu ba shi yi. To in namiji ya taho sai a ɓoye mai shi. Kahin a yi suna ta huda mai kunnen hagu tas sa zare, daga baya ɗan zoben azurfa. Da anka yaye shi taɗ ɗauke shi sai Dosara. Zane, kitso, kwalli, har tallan ƙuli cikin 'yan mata. Sai da anka yi mai kaciya sannan yas san wando. Zoben kuwa shina nan har ya fara bin ubanai mayanka, samari sunka matsa mai da Ɗiyar Gwaggo, Ɗiyar Gwaggo, ran nan yac cire yaj jefa ma Gwaggo cikin ƙwarya.

Ni dai na ɗauka mun tsere. Har ga Allah na ɗauka mun tsere.

Alhamis, da azahar

Shawara ta, in ji kowa. An hana shi mai da nama, mahauci guda. Lami na dafa mai sassaƙe da saiwar rawaya, shina sha shina yamutsa huska, wai ko kare anka ba wanga sai ya kai ƙara gidan hakimi.

Maƙwabta na shigowa dubiya kowa da tashi. Wasu sun ce ruwan tanka na da ake kawo muna, ɗanɗanon ƙarhe gare shi. Wasu sun ce mutanen gulbi na da anka toshe ma hanya, haushi suke sauke ma duk mai zuwa bakin dam. Komi dam. Ni kam daɗi nike ji su ce dam. Sai dai sa'ad da Barau da Audu sunka tahi ko labarin dam babu. Yanzu ma kabarinsu na can ƙarƙashin ruwan, ba inda mutum za shi nuna shi ce nan na.

Rukayya ƙanwatai ta iso daga Bakura goyon ciki, na fari. Ƙafa ta kumbura, ba ta bar tsiwa ba. Mata sun taru suna duban cikin, wai ya yi tsini, namiji na ba tantama. Sunka ce Allah shi kawo namiji. Nic ce amin. Baki na yac ce.

Jumma'a, da sahe

Ya ci ɗan fate. Alhamdu lillahi. Ai na ce zahi na.

Jumma'a, da la'asar

Ya maido shi.

Litinin, da hantsi

Ina shanyar gero bayan ɗakinai. Ba wani dalili, nan rana ta hi. Maigida shina ciki. Nij ji Yaron nan ya ce ma ubanai shi kawo hannu shi taɓa nan, ƙarƙashin haƙarƙarin dama. Sannan yac ce:

"Baba, ni da kai mun buɗe shanu ba iyaka. Wagga anta in cikin sa munka iske ta, za ka aza ta bisa tebur?"

Maigida yac ce mutum ba sa ba na, shi bar zancen banza. Yah hito yaw wuce ni bai ko gan ni ba, yat tahi bayan gida ya daɗe.

Kaji sun ci geron. Ina kallonsu.

Laraba, da almuru

Mun kai shi asibiti Mafara cikin motar yashi ta wani direba da ka cin tsirenai. Mutumin kirki, ya shimfiɗa mai buhuna, kowane rami sai ya leƙo ya ce sannu. Sun duba, sun ce Sakkwato. Nic ce zan bi su in riƙe ma Lami goyo. Maigida yad dube ni. Mata za su ce Hindu ba ta da kunya, ta bi ɗan fari asibiti. Su ce.

Jumma'a, bayan azahar, Sakkwato

Likitan Ba'indiye na mai sanƙo, wani malamin asibiti Malam Zubairu ka maido muna maganatai da Hausa. Ya latsa cikin ya daɗe. Sai yac ce ina uwar. Lami tan nuna ni. Yat tambaya ko an taɓa irin wanga ciwo cikin dangi. Maigida yay yi wuf yac ce babu, don nashi dangin shike nuhi. Likita yac ce wajen uwa fa.

Ban taɓa jera su da baki ba sai yau. Sallau. Barau. Audu. Yac ce matan gidan fa? Nic ce mata lahiya lau. Yag gyaɗa kai awa wanda anka ba labarin da ya riga ya sani.

Sun ɗebi jininai. Sun ɗebi nawa. Nic ce ni lahiyata lau, mi za a yi da nawa? Malam Zubairu yac ce duba kawai za a yi. Sun ba Yaron nan gado. Maigida ya koma gida, in ba a yanka ba ba a ci.

Lahadi, da hantsi

Muna zamne barandar asibiti ni da Lami da matan mutane. Ɗakin maza masu irin cikin nan ba ɗaya ba, ba biyu ba, akwai ma wanda bai kai Yaron nan ba. Da nit tahi ɗibar ruwa na leƙa ɗakin mata da gangan, gado gado. Ban ga mai irinai ba sai wata tsohuwa can ƙurya.

Ban san abin da nike nema ba.

Laraba, bayan azahar

Sun kira ni ni ɗai. Bari in rubuta yadda nij ji kada in mance, ko da yake ba abin mancewa ba na.

Likita yac ce akwai wata ƙwayar cuta da ido ba shi gani. Cikin jini take zama tana sassaƙar anta sannu sannu, shekara da shekaru, mutum na yawonai bai sani ba. Ita ta cikin jinin Yaron nan, har antar ta rikiɗe ta zama daji. Ita ta kuma cikin nawa. Yac ce sau da yawa uwa ka ba ɗa wajen haihuwa, ko yara su ɗauka tun suna ƙanana ta aska ko allurar da jinin wani yat taɓa. Ni ma watakila haka nis samu ga inna, ni da su Barau.

Nic ce in haka na don mi nike tsaye shi shina kwance? Ni nir riga shi ɗauka.

Malam Zubairu ya maida mai, likita ya daɗe shina bayani har da hannu. Abin da nig gane shi na wanga. Jikin namiji na da wani sinadari nashi cikin jini, shi ka hiddo gemu, shi buɗe murya, shi kawo ƙarhi. Mace ma na da nata, shi ka kawo al'ada da nono. Cutar guda ta, tana shiga mace tana shiga namiji, amma wajen zama daji maza ta hi kamawa nesa ba kusa ba. Likitoci na zaton na namijin nan iza mata wuta shike, na macen kuma yayyafa mata ruwa shike. Yac ce ba wai mace ta tsira ba, inuwa ta kawai tas samu, kuma in al'ada ta ɗauke inuwar na raguwa. Na tuna tsohuwar can ta ƙurya. Tawa ta ɗauke tun damanar bara. Ban faɗa mai ba, ba ta ni ake ba.

Nic ce to in an ɓoye yaro fa, an ɗaura mai zane, an huda mai kunne? Malam Zubairu bai maida ma likita wagga ba. Yas sunkuyar da kai yac ce, "Inna, abin ba ido gare shi ba."

Magani babu. Sun ce mu kai shi gida cikin danginai, za su ba mu na rage raɗaɗi. Nit tambayi na Rukayya. Yac ce watakila tana da ita, sai an duba. Abin da za ta haihu shina iya ɗauka, shina iya tsira, ba kowane jinjiri ka ɗauka ba. Nono kam ta ba shi. Amma a kiyaye shi da aska da allura da duk ƙarhen da yat taɓa jinin wani.

Ashe Gwaggo ta yi gaskiya, maza shike so. Wajen ɓoyon na munka ɓata. Mun kulle ƙofa da ɓarawon cikin ɗaki.

Alhamis, da sahe

Ban ci ba. Ba zahi ba na.

Asabar, da almuru, gida

Mun iske Gwaggo ta taho daga Dosara da sandarta da ƙullinta. Ido ya yi hazo, baki na nan daram. Ita kam kai tsaye ɗakinai, ina jin su daga murhu. Tac ce mai kai ja'iri, na raine ka mace son kowa, kak koma gardi, ga abin da gardanci yaj ja maka. Yac ce mata da ta bar shi mace da yanzu ya ishe ta da yaji, kullum shina hanyar Dosara da ƙunshin kaya. Sunka yi ta dariya har tari yas sarƙe shi.

Da tah hito tak kwance ƙulli tan nuna man zoben. Ashe tana aje da shi duk shekarun nan. Tac ce cirewar da yay yi ta sa abin yag gane shi, in ya maida watakila shi ɓace mai. Ta roƙe shi ya ce sai gobe, wai in sa baki. Nic ce to.

Ban faɗa mata ba. Maigida ma ce mai niy yi likita ya ce daji na, sai addu'a. Sauran na haɗiye. Waɗanda sunka hana ɗiyansu ɗibar wuta gidan inna da yawa suna nan da ransu, unguwa guda anka zube mu. Kuma Rukayya na da dangin miji.

Litinin, da la'asar

Lami ta hiddo shi inuwa tana taje mai gemu. Komi ya zube, gemun nan ko gezau, baƙi wuluk.

Na tuna ran da muryatai ta buɗe. Ya yi sallama ƙofar gida nic ce wane baƙo na, sai ga shi, da 'yan gasu a haɓa. Nis shige ɗaki ni ɗai na yi ta murna, na ce ya tsallake, ya zama namiji abin bai gan shi ba. Har waina niy yi sadaka. Ashe ranar na anka fara iza wutar.

'Yar jikar ta rarraho ta buɗe baki in tauna mata ƙuli awa kullum. Nit ture ta tay yi kuka. Likita bai ce yawu ba, jini yac ce, amma yanzu komi nawa tsoro shike ba ni. Allah na gode maka da kay yi ta mace.

Laraba, da hantsi

Maigida na mayanka, Lami da Rukayya sun bi layin tanka, Gwaggo na gyangyaɗi. Nij ji ya kira, Yaya. Haka shike ce man, bakin Audu yaj ji tun shina ƙarami. Niy yi awa ban ji ba. Ya sake.

Na shiga. Tun da anka gina ɗakin ga ban taɓa taka shi ba.

Yac ce in zamna. Yac ce Malam Zubairu ya faɗa mai duka, har da nawa jinin. Na rasa inda zan aje idona.

"Yaya, da gangan kib ba ni?"

Nic ce Allah shi kiyaye.

"To mi na na ƙin cin abinci? Lami ta faɗa man. Ke ma ba ki anka yi. Hancin ga ma ke kib ba ni, kin ga na kai ƙara?"

Na yi dariya, dariyar ta juye man.

Sai yac ce in karɓo zoben ga Gwaggo. Nic ce ai ka ji abin da anka ce, ba ido gare shi ba. Yac ce ya ji sarai. Tsohuwar nan in ya tahi ba zobe, har ta bi shi tana cizon yatsa. Kuma ni, in ji shi, ba ni taɓa shi sai da dalili, to ga dalili ya samo man.

Na ɗauko. Nic ce ai hudar ta toshe tuntuni. Yac ce ba ta toshe ba. Tun ran da yac cire, in ba kowa wurin, shina zura tsinken tsire kada ta ruhe.

"Mahauci ma shina jin tsoro, Inna."

Inna, yac ce.

Na ɗan ji mai ciwo, jini ya ɗan hito. Na riƙe kunnen na daɗe. Kunne ba shi ramewa. Shina nan awa ran da anka miƙo man shi cikin zane niƙ ƙi dubawa don mata na kallo.

Jumma'a, bayan masallaci

Gwaggo na ta murna, wai ta ga sauƙi a huskatai. Ita da ba ta gani.

Mahauta sun taho dubiya ayari guda. Anka yi ta gaisuwa, ya jiki, ya zahi, ya iyali, ya kasuwa, har gaisuwa taƙ ƙare anka sake ta daga farko. Sun ga zoben, ba wanda yat tanka. Shi da kainai yac ce mu su to ku faɗa mana, Ɗiyar Gwaggo ta koma ɗakinta. Balarabe abokinai na kaciya shi ɗai yay yi dariya, sannan yah hita waje wai abu ya faɗa mai ido.

Lahadi, da azahar

Ba shi gane mutane sosai. Ɗazu ya kira Lami Gwaggo. Yanzu ina shiga, ina ba shi ruwa da cokali, ba ruwana da mai gani.

Talata, da asuba

Ruwan fari ya sauka. Ƙamshin ƙasa ya shigo har ɗaki. Ya buɗe ido yac ce a ruhe nama kada shi jiƙe.

Nic ce an ruhe.

Laraba, da almuru

An kai shi bayan azahar. Masu haƙa sun ce ƙasa ta yi taushi, ba su wahala ba.

Mata na ta shigowa, ya haƙuri, ya ƙarin haƙuri. Suna yabona, wai Hindu ta mai da kunyarta, ɗan fari guda ko ɗigon hawaye. Ina zamne ina amsawa.

Maigida ya shigo ya kama hannuna ya buɗe yas sa zoben ya ruhe. Masu wanka sunka cire.

Alhamis, da sahe

Lami ta zuba kunu. Kwano guda ya yi saura.

Lahadi, da la'asar

Duk wadda tas shigo sai ta dafa Rukayya ta ce Allah shi maido muna da shi. Ni kuwa kowace salla mace nike roƙo. Allah shi yahe man, ba zaɓa mai nike ba. Roƙo na kawai.

Alhamis, da hantsi

Ta sauka lahiya.

Namiji.

Asabar, da almuru

Bayan wankan jego Gwaggo tak kira ni ɗakin Rukayya. Akwai maƙwabta biyu, Lami na bakin ƙofa da mayahin takaba, ga kuma uwar mijin Rukayya da tat taho barka daga Bakura. Gwaggo ta kwance ƙulli ta hiddo allurarta. Na san allurar nan, ita tah huda ni, ita tah huda Rukayya, ita tah huda shi. Tac ce idonta bai ganin kafar, in zura mata zare in kawo zoben shi zamna kusa. Wanga karon, in ji ta, ko gemu ya kai mai cibiya ba mu bari shi cire.

Na karɓi allurar. Na dubi kunnen jinjirin, ɗan mitsitsi awa ganyen zogale, rana na ratsa shi. Nit tuna jinin da yah hito kunnen Yaron nan ran Laraba.

Nic ce ba za a huda ba.

Gwaggo tac ce ko baƙin ciki ya taɓa ni na? Ban ga yadda wanda yac cire yaƙ ƙare ba? Matan ma sunka sa baki, wai in bar tsohuwa ta yi abin da tas sani, huda ba ta kashe kowa. Da na yi shiru da ya wuce. Na kusa yin shirun. Uwar mijin nan na kallona.

"Gwaggo, abin ba waje shike ba da za mu ɓoye mai yaro. Cikin jini shike. Jinin inna, jinina. Zane ba shi ruɗinai, gemu shike jira. Yaron ga watakila bai ɗauka ba. In allurar ga da zoben ga sunka shige shi, mu munka kai mai da hannunmu."

Sannan na faɗi sauran duka yadda likita yaf faɗa man, da na maza da na mata, da wutar da ruwan. Nic ce ba maita ba ta, ba iska ba ta, inna ma ba ta anka yi ba ta sani ba har tam mutu. Wanda za shi kai gari shi kai daidai.

Maƙwabtan nan sunka dubi juna. Uwar mijin ta gyara mayahi ta dubi Rukayya ta dubi jinjiri tac ce za ta yi alwala. Ban san abin da za ta kai Bakura ba. Rukayya tac ce, Inna, har ni? Nic ce watakila, sai an duba, in kin yi arba'in ni zan kai ki da kaina. Ba ta yi kuka ba. Ta ƙara matse shi a ƙirji tas sa tahin hannu ta ruhe kunnen.

Gwaggo ta shafa ƙullinta. Can tac ce, duk kitson nan da niy yi mai.

Nic ce bai tahi banza ba, Gwaggo. Ke kis samu riƙe kainai bisa cinya shekara da shekaru. Ni sau guda nit taɓa kunnenai.

Ta miƙo hannu, na ɗauka allurar take so. Hannuna tak kama. Daga baya taɗ ɗaure ƙullinta ba allurar ciki.

Na faɗa ma Maigida da yad dawo. Yaz zamna bakin gado, sannan yac ce tun Sakkwato nike ɗauke da wanga ni ɗai? Yac ce shi za shi ga wanzami da kainai, ran suna aski kawai da aska sabuwa, ba tsaga, ba cire belu, wanda za shi yi hushi shi yi.

Uban jinjirin ya aiko wai sunan Yaron nan, kawun jinjirin, za shi maida mai. Lami tac ce to sai in nemi laƙabin da zan riƙa kira. Nic ce a'a. Wanga jika na, ba kunya tsakaninmu, da cikakken baki zan kira shi.

Zoben na wanke shi na sa kunnena na hagu. Ni ba abin da za shi ba ni wanda ban da shi.

Ban san ko yaron ga ya tsira ba. Ba lalle na in kai ran da gemu za shi hito mai ba. Kunnenai dai ga shi nan lahiya lau, ba huda.

Ɗazu na zaga bayan ɗaki inda nike shanyar gero, ba kowa, na gwada bakina. Ya ƙi hita. Ga suna na matsowa, bari in fara koyo nan.

Nasidi.

Nasidi ɗana.